Teburin awon tansiyo a unguwa: amsar tambayoyin da mutanen Maraɗi ke yi mana

Tun da muka fara kafa tebur da kujeru a inuwar dogon yaro muna auna wa mutane tansiyo, wato hawan jini, kyauta, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa, daga bakin ɗan kasuwa, da mai kabu-kabu, da tsohuwar da jikanyarta ta riƙo wa hannu. Na tattara su a nan, na amsa kamar yadda muke amsawa a bakin tebur. Na haɗa da na ƴan'uwa daga wajen Tibiri da Madarunfa masu son kafa irinsa a garuruwansu.

Mene ne wannan teburin, kuma su wa ke zama a kansa?

Wuri ne da ake auna hawan jini, a rubuta wa mutum lambarsa a takarda, a gaya masa abin da take nufi, a koya masa alamomin shanyewar ɓarin jiki, wato abin da ma'aikatan lafiya a nan ke kira AVC. Masu zama ƴan sa-kai ne na unguwa waɗanda ma'aikacin lafiya ya koya wa awo. Ba asibiti ba ne, kuma ba mu taɓa cewa mu likitoci ne ba.

Ni lafiyata lau, kaina ba ya ciwo, ba na jiri. Me zai kai ni awo?

Wannan ita ce maganar da muka fi ji, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shiga gida. Mutum zai yi shekara goma da shi yana zuwa gona, yana sauke kaya a kasuwa, yana tafiya Jibiya yana dawowa, bai ji komai ba. Ciwon kan da mutane ke jira sau da yawa ba ya zuwa, in kuma ya zo, galibi zazzaɓi ne ko rana ko rashin barci. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Babu yadda za a gane shi a fuska ko a ƙiba. Mun auna ramammu da lamba ta yi sama, mun auna masu jiki da tasu ke daidai.

Mene ne haɗin hawan jini da shanyewar ɓarin jiki?

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a lambunan Jiratawa ya san abin da ke faruwa da tiyo idan inji ya cika ƙarfi kullum. Ba ranar farko yake lalacewa ba. Sannu a hankali yake gajiya, ya yi tauri a wani wuri, ya yi laushi a wani, wata rana ya fashe. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo, kuma na cikin ƙwaƙwalwa sirara ne ƙwarai.

Abu biyu ke iya faruwa. Ko dai jijiya ta toshe, saboda cikinta ya ƙuntata ko gudan jini ya zo ya tsaya, sai sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa ya rasa jini ya fara mutuwa. Ko kuma ta fashe, jini ya zuba cikin kai. Toshewar ta fi yawa, amma fashewar ta fi saurin kisa, kuma ita ce ta fi bin hawan jinin da aka bari ba magani. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya hannu da ƙafar dama, na dama kuma ke juya hagu, shi ya sa ake ganin rabin jiki kaɗai ya saki. Magana kuwa a yawancin mutane tana ɓangaren hagu, don haka wanda damansa ya shanye sau da yawa bakinsa ma yakan ɗauke.

Akwai wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018. Ya nuna cewa hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar jiki a cikin mutanen da aka bincika. Waɗannan mutane ne masu ci irin namu, da sana'a irin tamu. Ciwon sukari, da taba, da yawan kitse a jini, da bugun zuciya maras tsari, duk suna taimakawa, kuma a yara ciwon sikila na kawo shi. Amma babba a cikinsu shi ne wanda ake iya ganowa da na'ura a cikin minti goma.

A CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, an ce mini tansiyona 14 ne, ku kuma kun rubuta 140. Wa ke da gaskiya?

Duka biyun. A nan Nijar an saba faɗin lamba a gajarce, a ce 14 bisa 9, na'urar kuma tana nuna 140 bisa 90. Sifiri ɗaya ne aka cire. Lambar sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ana cewa mutum na da hawan jini idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a awon da aka yi a ranaku biyu daban-daban. Ɗaya daga cikinsu ma ta isa. Mutane na yawan riƙe ta sama su manta da ta ƙasa, alhali 13 bisa 10 ma hawa ne.

Mu muna rubuta cikakkiyar lamba, domin gajarcewar na ɓoye abu: 148 da 140 duk ana iya kiransu 14.

Ina sauri, me ya sa sai kun zaunar da ni minti biyar?

Domin lambar wanda ya sauko daga babur yanzu, ko ya gama ciniki da faɗa, ba lambarsa ba ce ta gaskiya. Muna so mutum ya zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ɗamarar awo a kan fatar damtse ba bisa hannun babbar riga ba. Kada ya yi magana, kada ya amsa waya. Idan yana jin fitsari ya je ya dawo. Idan ya ci goro, ko ya sha taba, ko ya taso daga fada inda aka zuba masa shayi na farko mai ɗaci, sai ya jira rabin awa. Muna aunawa sau biyu, da tazarar minti ɗaya ko biyu, kuma a zuwan farko mukan auna hannu biyu, mu riƙe wanda ya fi sama.

Gaisuwa ce ke ba mu wahala. Ba a iya hana Bahaushe amsa sallama, ga kuma masu wucewa kowa na son ya tambayi Baba ya gida ya iyali. Dabarar da muka samu ita ce a juya kujerar awo ta ba hanya baya.

Idan lamba ta hau, me kuke yi?

Nan ne aikin yake, sauran duk share fage ne. Awo bai taɓa sauke wa kowa jini ba. Teburin da ke auna mutum ɗari a yini, kowa ya tafi da lamba a ka ba tare da sanin inda zai nufa ba, tsoro kawai ya raba wa mutane.

Idan lambar na ƙasa da 140 bisa 90, muna cewa a dawo bayan shekara, ko kafin nan idan ta matso kusa. Idan ta kai 140 bisa 90 amma ba ta kai 180 bisa 110 ba, muna rubuta ta da kwanan wata, mu ce a kai takardar CSI cikin makon nan a sake aunawa. Idan ta kai 180 bisa 110, a ranar za a je, ba gobe ba. Idan kuma tare da hakan akwai ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko gani ya dushe, ko hannu ya yi nauyi, to ba ma barin mutum ya tafi shi kaɗai. A nemo abin hawa a wuce asibiti da shi.

Bayan nan sai bibiya. Da izinin mutum muke karɓar lambar wayarsa, bayan mako ɗaya mu kira: Alhaji, an je kuwa? Amsar da muka fi samu ita ce sai an sauke kaya, sai bayan biki, sai an sayar da wake. Sai mu sake kira. Na tuna wani dattijo da sai a kira na uku ya ce, ɗana, ka dame ni, gobe zan je don ka bar ni in huta. Ya je, kuma har yau yakan biyo da katinsa na asibiti ya nuna mana. A wurina, mutum ɗaya irin wannan ya fi shafi guda cike da sunayen da ba a san inda suka ƙare ba.

Kuna ba da magani?

A'a. Ko ƙwaya ɗaya ba ma bayarwa, ba ma kuma faɗin sunan wanda za a saya. Kafin a ɗora mutum a kan magani ana duba shekarunsa, da sukarinsa, da ƙodarsa, da ko mace na da ciki. Akwai magungunan hawan jini, irin su captopril da enalapril da losartan, da ke cutar da ɗan da ke ciki. Don haka kada wata ta sha na mijinta, kada kuma a saya wurin masu yawo da magani a tire cikin rana.

An ce wanda ya fara shan maganin hawan jini ya kamu ke nan, ba zai daina ba. Ba gara in ƙi farawa ba?

Ba maganin ne ke kama mutum ba, ciwon ne ba ya tafiya. Maganin yana riƙe jinin ne a ƙasa muddin ana sha, ranar da aka bari sai ya koma inda yake. Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne wanda ya sha na wata ɗaya, aka auna aka ga 13 bisa 8, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya ajiye. Lambar ta yi kyau ne saboda maganin.

Idan yana damunka, koma ka faɗa. Amlodipine kan kumbura ƙafa, captopril kan sa busasshen tari, wani kuma kan sa yawan fitsari. Ana iya canzawa. Idan kuɗi ne matsalar, shi ma ka faɗa ba kunya, ka nemi wanda ba na babban kamfani ba, don aikinsu ɗaya kuma ya fi sauƙi. Na san kuɗi jika ɗaya ma nauyi ne ga mai iyali a watannin bazara. Amma a auna ta da gidan da maigida ke kwance, an bar sana'a, mace ɗaya ko ɗiya ta daina komai tana juya shi.

Zoɓo da tafarnuwa da zogale fa? Ƙaho kuma?

Zoɓon da ba a cika wa sukari ba abin sha ne mai kyau, kuma an ga yana ɗan rage lamba kaɗan. Ganye irin zogale da rama da lalo suna da amfani, binciken nan na SIREN ma ya ga masu cin ganye kullum ba su cika kamuwa ba. A ci, a sha. Sai dai ba za su sauko da 18 zuwa 13 ba. Ƙaho kuwa, jinin da wanzami ya cire ba shi ne ya yi yawa ba. Hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin turawarsa ne a cikin jijiya.

A kula da wasu magungunan da ke ɗaga shi: na ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen idan ana sha kullum, da ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke sha, da wasu mayukan sauya launin fata.

Ni ba na cin gishiri da yawa. Me ya sa kuke ta maganar gishiri?

Domin ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin komai. Dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. A sa uku ko huɗu a miya, a ƙara gishiri, a kawo yaji wanda shi ma an daka shi da gishiri da magi, da yamma a ci tsire ko kilishi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin nan na sodiyam da ke cikin gishiri.

Shi ya sa muke son mai girki ta zo tebur, ba maigida kaɗai ba. Ba a yi wa mutum ɗaya tukunya daban ya daɗe a kai. A rage wa gida duka, kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Harshe na sabawa cikin ƴan makonni.

Mai ciki za ta iya zuwa?

Ta zo, amma teburinmu ba ya maye gurbin awon ciki. Ga mai ciki, 140 bisa 90 magana ce ta ranar nan take, musamman in akwai kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai, ko ganin walƙiya-walƙiya, domin hanyar jijjiga ke nan. Haɗarin bai ƙare da haihuwa ba, yana nan har cikin makonnin jego. Ga iyayenmu mata ina roƙo da girmamawa: mai jegon da jininta ya hau, ko ƙafarta ta kumbura, ko take haki in ta kwanta, a ɗaga mata kunun kanwa, a kai ta a duba zuciyarta. Likitoci a Zariya da Yamai sun daɗe suna rubutu a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a ƙasashenmu.

Ta yaya zan gane shanyewar jiki ta zo, kuma me zan yi?

Abu uku muke sa kowa ya maimaita kafin ya tashi daga kujera: baki, hannu, magana. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko baki ya karkace gefe ɗaya. Ka ce ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na faɗuwa. Ka ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu, ka ji ko harshe ya yi nauyi ko maganar ta rikice. Ɗaya daga ciki ya isa, in dai farat ɗaya ya zo. Haka nan ɗaukewar gani kwatsam, ko tangaɗi, ko ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba.

Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, don shi likita zai fara tambaya. Kada a ba shi ruwa, ko fura, ko rubutu, ko magani ta baki. Maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya bi ta huhu. Kada a ba shi asfirin, domin in jijiya ce ta fashe zai ƙara zubar jinin, kuma sai da hoton kai na na'urar sikana ake bambance toshewa da fashewa. Kada a ɗura masa maganin hawan jini don a sauke lamba da sauri. A kwantar da shi a gefensa, a sassauta tufafi, a wuce babban asibiti kai tsaye. A cikin gari akwai CHR, wato babban asibitin jiha, da Asibitin Référence. Na ƙauye su je wurin lafiya mafi kusa a tura su.

Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar abin. Ko ba ita, zuwa da wuri na da amfani babba: za a duba sukari, don faɗuwarsa kan yi kama da shanyewar jiki, a kula da numfashi da haɗiya, a bi jinin a hankali.

Idan alamar ta zo ta wuce cikin ƴan mintoci, hannu ya dawo, magana ta daidaita, kada a ce Allah ya kiyaye a koma aiki. Gargaɗi ne, babbar na iya biyowa cikin kwanaki kaɗan. A je a ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da mai hawan jini ya kamata tun yau ya san wa zai kira da tsakar dare, mai mota ko mai adaidaita.

A unguwarmu an ce marin aljani ne, tunda a makewayi ya faɗi.

Ba ma jayayya da kowa a kan imaninsa, mu ma masu addu'a ne. Abin da muke cewa shi ne, faɗuwa a makewayi da asuba ba abin mamaki ba ne, don jini ya fi hawa da sanyin safiya, yunƙuri kuma na ƙara shi. A yi tofi a cikin mota, malam ya biyo asibiti ya yi addu'a a bakin gado. Awannin da ake ɓatawa ana hayaƙi a ɗaki su ne ƙwaƙwalwa ke mutuwa a cikinsu. Limamai da dama sun karɓi wannan magana hannu biyu, kuma in liman ya faɗa bayan salla, ta fi tamu shiga.

Mai shan magani zai iya azumi?

Da yawa suna iyawa, musamman masu shan sau ɗaya a yini, a mayar da shi sahur ko buɗa-baki. A tambayi likita tun cikin Sha'aban, balle mai shan maganin da ke sa fitsari idan azumi ya faɗo cikin zafin Afrilu da Mayu.

Muna so mu kafa namu. Daga ina za mu fara?

Daga manjo, wato shugaban CSI ɗinku, kafin a sayi komai. Shi zai koyar da ku, shi zai karɓi mutanen da za ku turo, kuma ta hannunsa hukumar lafiya ta gundumar za ta san da ku. Teburin da CSI ba ta san da shi ba, takardarsa ba ta da daraja a can. Sannan mai unguwa da liman.

Kayan ba su da yawa: na'urar damtse mai batir, ba ta wuyan hannu ba, da ɗamara biyu, matsakaiciya da babba, domin ƙaramar ɗamara a babban damtse tana ƙara lamba ta ƙarya. Sai tebur, kujera mai jingina, benci na masu jira, littafi, ƙananan takardu, batir na ajiya, da inuwa. Kada a bar na'ura cikin rana ko cikin but ɗin babur, kuma lokaci-lokaci a kai ta a gwada da ta CSI.

Ku zaɓi rana ɗaya da wuri ɗaya ku riƙe. Ranar hawan jini ta duniya, 17 ga Mayu, da ta shanyewar jiki, 29 ga Oktoba, suna da kyau don jawo hankali, amma teburin sau biyu a shekara ba ya bibiyar kowa. Ƙofar masallaci bayan Juma'a na kawo maza, haka tasha da bakin kasuwa. Mata kuwa ba za su miƙa damtse a bainar jama'a ba, kuma suna da gaskiya. A sami mace ta auna su a cikin gida. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda a nan jihar Maraɗi aka fara su a 1991, suna taruwa kowane mako, kuma wurin taronsu ya fi kowane wuri dacewa.

Wa zai ga lambata?

Kai da mai awo, sai ma'aikacin lafiyar da ka kai wa takarda. Ba a faɗin lamba da ƙarfi, ba a ɗaukar hoton kowa a sa a WhatsApp, littafin kuma yana hannun mutum ɗaya. Mun taɓa sallamar ɗan sa-kai saboda ya ba da labarin lambar wani a fada, domin a unguwa irin tamu magana ɗaya tana iya taɓa aure ko bashin kasuwa.

Nawa ne shekarun da ya kamata a fara?

Daga 18. Wanda ya kai 40, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa na da hawan jini, ko yana da sukari, ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara. Waɗanda muka fi nema ba mu samu su ne maza ƴan 35 zuwa 50, masu shago da direbobi da ƴan kabu-kabu, waɗanda ke kawo mana iyayensu su tsaya a gefe suna kallon waya. Yanzu duk wanda ya rako tsoho, shi muke fara zaunarwa.